Faɗuwa Na Yi, Maa

Na san wasunku kafin su kai ƙarshen shafin nan za su ce ni na jawo wa kaina. Ku faɗa, ban hana ba, ni ma na faɗa wa kaina a gaban madubi har na gaji. Roƙona ɗaya, ku bari in kai aya kafin ku fara jifa.

Sunana Kukua, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a Kaneshie cikin birnin Accra, ina zaune da mahaifiyata, wadda nake kira Maa, a Dansoman. Wata uku da suka wuce dangin Ato suka zo gidanmu ƙwanƙwasa ƙofa, wato neman aurena. Suka dire kwalabe biyu na barasa a gaban Kawu Kobina, yayan Maa, aka kira ni aka tambaye ni ko a karɓa, na ce a karɓa. Tun ranar kwalaben suke cikin kabad ɗin gilashi na falo, tsakanin kofunan da ba a shan ruwa da su da hoton Maa na zumuntar mata. Babu mai shan barasa a gidanmu, amma kullum da safe sai Maa ta goge su da tsumma. Muddin suna nan, ni ta Ato ce. Ranar da aka mayar wa danginsa magana ta mutu, ko da ni da shi za mu yi kukan jini.

Ato mutum ne mara hayaniya, irin wanda sai ka tambaye shi sau biyu kafin ya ce yana jin yunwa. Aikin ruwan famfo yake yi a Weija, shi ke kaɗa piyano a cocinmu, babansa kuma, Dattijo Quansah, shi ke riƙe da makullin cocin da na bakin kowa. Ina son Ato. Na faɗa tun yanzu don kada ku zaci akwai wani a gefe.

Abin ya faro ne daga hannun wata mata, Madam Adoley, wadda za ta yi hamsin da biyar. Ta zo a ɗebi jininta, da ta naɗe hannun riga sai na ga jini ya kwanta mata a damtse wuri uku. Na sassauta murya yadda aka koya mana.

"Madam, lafiya dai a gida ko? In akwai abin da kike son faɗa, daga ni sai ke."

Matar nan ta tuntsire da dariya har allurar ta kusa gocewa. "'Yata, mijina ya shekara tara a kabari, ko da yana raye ma tsorona yake ji. Miƙo min jakata."

Ta ciro waya ta nuna min. Ita ce da furfurarta, maƙale a jikin wani dogon ƙarfe da aka kafa daga ƙasa har silin, kai a ƙasa ƙafafu a sama, tana juyawa a hankali tana murmushi. Na san rawar, irin ta gidajen holewa na dare ce, kowa ya san ta, na kuma san sunan da ake kiran masu yin ta. Amma ban taɓa ganin mai jikoki a kai ba. Ta rubuta min lamba a bayan wata takarda, takardar ta kwana goma sha ɗaya a aljihun farar rigata kafin na kira.

Wurin yana Osu, a saman wani shagon tayil. Ɗaki ne guda, ƙarafa shida a tsaye, bango duk madubi, fanka biyu suna ta fama. Ranar farko na je da dogon wando mai kama jiki har idon sawu da wata ƙatuwar rigar taron matasan coci. Malamar, Dzifa, gajera ce mai murya irin ta kwandastan trotro, bas ɗin hayarmu. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Sabuwa, zaman makoki kika zo?"

"A'a, koyo na zo."

"To ƙarfe fata yake so, ba ya riƙe tsumma. Yau na ƙyale ki. Miƙo hannu." Ta shafa damtsena da ɗan yatsa, ta ɗaga yatsan yana ƙyalli. "Me kika shafa?"

"Man kaɗe ne kawai."

Mata biyar ɗin da ke ɗakin suka haɗa baki suka ce "wayyo!" Madam Adoley har da ɗora hannu a ka.

"Kawai, in ji ta! Ke, mai da ƙarfe ba sa ga maciji. Ga banɗaki can, ga sabulun wanke kwano, ki wanke har sai fatarki ta yi ƙara. Ranar aji ba mai, ba zobe, ba sarƙa. Wadda ta faɗo saboda kwalliya ba ruwana."

Haka na wanke jikina da sabulun kwano kamar tukunyar miya, na dawo fata ta yi fari fat. Aka ce in kama ƙarfen sama da kaina, in taka sau uku, in ɗaga ƙafa in bar jiki ya juya. Na taka sau uku, na ɗaga ƙafa, na sulale na zauna daɓas a ƙasa. Na sake, ƙaurina ya gwaru da ƙarfen har na ga taurari. Tafin hannuna ya ɗau zafi kamar na riƙe tukunya ba tsumma. Dzifa tana tafi tana ƙirga, "Ɗaya, biyu, uku, tashi! Amarya, ba gadon asibiti ba ne, ɗaga kafaɗa!" Sai a karo na goma sha wani abu, ƙafafuna biyu suka bar ƙasa, ɗakin ya zagaya ni sau ɗaya cif, na sauka a tsaye. Na yi wani ihu da ban san ina da shi ba.

Kwana uku ban iya ɗaga hannu na taje kaina ba, amma na koma. Za ku ce don me. Tun da aka ƙwanƙwasa ƙofar nan jikina ya zama na jama'a. Maa ta ce in ƙara ƙiba, ƙanwarta Anti Mansa mai ɗinki ta ce in rage tumbi, matar fasto da ke mana darasin aure ta ce in tsawaita siket. A ɗakin nan kaɗai ne babu mai tambayata ko na yi kyau. Abin da ake tambaya kawai, zan iya ɗaukar nauyin kaina ko ba zan iya ba? Kowane mako ina ƙara iyawa, kuma daɗin da nake ji ban taɓa jin irinsa ba.

Na taɓa gwada Ato. Muna cin kenke da soyayyen kifi a bakin hanya na miƙa masa wayata da bidiyon Madam Adoley, na ce, "Kalli wata da ta zo asibitinmu." Ya kalla har ƙarshe, ya miƙo min, ya ce, "Hmm. Allah ya kyauta." Ya ci gaba da zare ƙaya. Har yau ban san me "hmm" ɗin take nufi ba, ni dai na ja bakina na tsuke. Babansa ne fa ya dakatar da wata yarinya daga ƙungiyar mawaƙa wata shida don an ga hotonta tana rawa a bakin teku.

Da farko na ce wa Maa gidan motsa jiki nake zuwa, wanda ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Mako biyu ta soke shi.

"Amarya ba ta ramewa a gidana. So kike danginsa su ce ba na ba ki abinci? Daga yau an gama."

A nan na tafka kuskuren da nake kuka da shi. Asabar ta zagayo, na shirya jakata, ta ce ina zuwa, bakina ya riga hankalina.

"Ato ne zai kai ni mu duba gidan haya."

Fuskarta ta washe, har da ba ni soyayyar ayaba in kai masa. Asabar ta gaba muka je duba kujeru, ni da Aton ƙarya. Ta gaba labule. Shi kuwa bawan Allah yana can Weija cikin bututun ruwa, ya san duk Asabar ina taya Maa aikin gida ne.

Ga kuma maganar mai. Tun ranar ƙwanƙwasa ƙofa Maa ta ɗauki gyaran fatata a matsayin aikin Ubangiji. Kullum da safe in na fito wanka da ɗaurin ƙirji sai ta zaunar da ni a bakin gadonta, ta narka man kaɗe a tafin hannu, ta bi bayana da hannuwana da ƙafafuna tana rera waƙar coci. Ta kuma ɗaura min jigida zubi uku ta 'yan Krobo, ja da ruwan gwal, ta ƙulle zaren da haƙori ta ce ba mai kwance ta sai miji. Dzifa ta ce in cire, na ce ba ta ciruwa, sai dai in cusa ta cikin wando.

To mai shafa maka mai ba ka ɓoye masa fata. Maa ta ga na ƙauri, na ce ƙofar trotro ce. Ta ga na damtse, na ce kabad ɗin asibiti ne. Waƙar ta tsaya, hannunta ya daɗe a wurin. Ni sakara na ɗauka na tsira.

Asabar ta bakwai na makara, motoci sun cushe tun daga Kaneshie, na wanke man a gurguje. A ajinmu akwai al'ada, duk wadda ta fara hawa har silin ana miƙa mata alƙalami ta rubuta sunanta a can sama. Ranar na ji ƙarfi a jikina. Na ba Dzifa wayata na ce ta ɗauke ni bidiyo. Na maƙale ƙarfen da ƙauri, na ja, na ƙara ja, cinyoyina suna raɗaɗi kamar ana ɗaye su, mata suna kiran sunana da tafi. Sai ga silin a gaban hancina, da sunayen mutane birjik. Na rubuta Kukua a karkace, ina dariya ina haki.

Wajen saukowa aka ce in saƙalo ƙarfen da bayan gwiwa in saki hannu ɗaya. Bayan gwiwar nan ne sabulu bai kai ba. Ban san lokacin da na taho ba, na ji dai jigidar ta tsinke, sannan ƙuguna da cinyata suka daki gefen katifa da dandamalin ƙasa. Duwatsun jigida suka watse ko'ina a ɗakin. Ban karye ba, Madam Adoley ta lallatsa ni ta tabbatar, aka sa min ƙanƙara, aka tsince min duwatsun a hankici. Dzifa ta shinshina bayan gwiwata ta ce, "Man kaɗe! Na faɗa ko ban faɗa ba?"

Kafin yamma cinyata ta dama daga ƙugu zuwa gwiwa ta koma kalar gauta baƙi. Lahadi da Litinin na zille wa man Maa, na ce na makara. Na manta shaf cewa ranar Litinin ɗin da yamma za a gwada min kente, saƙin da zan sa ranar baiko.

Shagon Anti Mansa kwantena ce da labule a ƙarshenta. Kenten yana rataye, rawaya da kore, an yi masa ado da duwatsu a ƙirji, kyau kamar a sace. Maa ta zauna a kan kujerar roba da jakarta a cinya.

"Cire siket ɗin," in ji Anti Mansa, allurai a bakinta.

"Anti, ki gwada a kai mana, ai ba kauri."

"Ni ba na auna mutum a kan tsumma. Kunyar wa kike ji? Ni na wanke miki kashi. Cire!"

Na cire. Allurai suka zubo daga bakinta.

"Yesu! Yaya, zo ki gani!"

Maa ta taso a hankali. Ta kalli cinyar, ta kalli ƙananan na tsakanin cinyoyi waɗanda ba ta taɓa gani ba, sannan ta kai hannu ƙuguna ta shafa inda jigida take zama.

"Ina jigidar?"

"Ta tsinke, Maa."

"Zubi uku, lokaci ɗaya?"

"Faɗuwa na yi, Maa."

Gaskiya ce tsagwaronta, ita kaɗai ce gaskiyar da na faɗa mata cikin mako bakwai. Amma da na san abin da kalmar za ta yi mata, da na haɗiye ta. Maa ta juyo min da kunnenta na dama, don na hagun ba ya ji tun ina 'yar shekara takwas.

"Sake faɗa."

"Faɗuwa na yi."

"Ni ma faɗuwa nake yi," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Shekara goma sha ɗaya ina faɗuwa a gidan ubanki. A banɗaki, a bakin rijiya, a matakalar coci. Mansa, ba ke kike ɗinka min riguna masu dogon hannu ba?"

Anti Mansa ta fashe da kuka.

"Asabar ta farko ƙauri," Maa ta ci gaba, tana lanƙwasa yatsu. "Ta biyu damtse. Ta huɗu bayan ƙafa. Duk ranar da kika fita da yaron nan sai kin dawo min da sabon tabo, ni kuma ina shafa mai a kai ina roƙon Allah ya sa idona ne. Masu shiru-shirun nan! Ubanki ma ba ya magana."

"Maa, ba Ato ba ne! Na rantse ba shi ba ne!"

"To wa?"

Ga ƙofa a buɗe, in faɗa kowa ya huta. Na kalli Anti Mansa, wadda in ta ji magana da yamma, kafin gari ya waye har masu sayar da koko sun haddace. Na kalli Maa, shugabar zumuntar mata shekara goma sha huɗu. Na hango Dattijo Quansah a kan mumbari yana gyara tabarau. Don tsoro na yi shiru. Shirun nan shi ya yanke wa Ato hukunci.

Maa ta sunkuya ta ɗauko siket ɗin ta ɗaura min da hannunta, kamar ina ƙarama. A nan cikin shagon ta kira Kawu Kobina ta ce ya sanar da gidan Quansah su zo ranar Laraba su karɓi kayansu.

Muna cikin trotro saƙon Ato ya shigo.

*Kawunki ya kira Papa. Wai mu zo jibi ƙarfe huɗu. Lafiya?*

Na rubuta masa komai, tun daga Madam Adoley har silin. Na karanta, na goge.

*Ban sani ba,* na tura.

*Kin ci abinci?*

Wannan tambayar ta fi mari ciwo. Na kifa wayar a cinyata mai ciwon, na danna da gangan.

Laraba Maa ta sa farin leshi da ɗankwalin zumunta, kamar mai zuwa kotu. Ni na ɗaura zani da wata tsohuwar riga. Ƙarfe huɗu daidai suka shigo, Dattijo da sandarsa, Ato a bayansa da farar riga mai dogon hannu, ya sha guga. Kwalaben biyu suna tsakiyar tebur. Ato ya gan su, ya tsaya cak a bakin ƙofa kafin ya ƙaraso ya gaida kowa daga dama zuwa hagu. Aka ba su ruwa, ba wanda ya sha.

Kawu Kobina ya yi gyaran murya. "Dattijo, abin da aka kawo mana da mutunci, da mutunci za mu mayar. Ba faɗa muka kira ku ba."

"Laifin me muka yi?"

"'Yarmu muka ga abin da ba mu so a jikinta."

Anti Mansa ba ta jira an ba ta dama ba, ta zayyana komai, daga ƙugu zuwa gwiwa, har da jigida. Maa ta ɗora da lissafin Asabar ɗinta, ɗaya bayan ɗaya, gidan haya, kujeru, labule. Ina kallon fuskar Ato. Da aka ambaci gidan haya girarsa ta motsa. Da aka kai labule ya daina ƙifta ido.

Dattijo ya juya gare shi. "Ato. Asabar ɗin nan da ta wuce, yarinyar nan tana tare da kai?"

Ato ya ɗago ya kalle ni. Na ga lissafin yana tafiya a idonsa. Asabar bakwai ina fita da sunansa, ba tare da shi ba, ina dawowa da tabo a cinya. Kowane namiji a Accra abu ɗaya zai kawo a ransa. In ya ce a'a, ya wanke kansa, ni kuma an gama da ni a gidanmu da coci da unguwa.

"E, Papa," ya ce. "Tana tare da ni."

"Duka bakwai ɗin?"

"Duka."

"Kai ka yi mata wannan aika-aikar?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon yatsunsa, dogayen yatsun nan da ko sauro ba su iya kashewa da kyau.

Dattijo ya cire tabarau. Ban taɓa ganin tsohon nan ya ƙanƙance haka ba. "Shekara talatin da shida ina tare da uwarka, ban taɓa nuna ta da yatsa ba. A ina ka koyo? Daga yau hannun nan ba zai ƙara taɓa piyanon gidan Allah ba. Ranar Lahadi da bakina zan sanar."

Kawu ya sa hannu ya fara tura kwalaben zuwa ɓangarensu. Ƙarar gindin kwalba a kan gilashin tebur ita ta tashe ni.

"Kawu, tsaya."

"Kukua, zauna," in ji Maa. "Ba sai kin kare shi ba."

"Ƙarya yake yi, Maa! Bai san inda nake zuwa ba. Ko sau ɗaya ban fita da shi ranar Asabar ba."

Na je na jingina wayata a jikin kwalba ɗaya, na danna. Kiɗa ya cika falon, irin kiɗan da bai taɓa shiga gidanmu ba. Ga ni nan a ɗan guntun wando da rigar da ba ta rufe cibiya ba, ina hawa ƙarfe, Dzifa tana ihu, "Matse cinya, amarya, matse!" Anti Mansa ta rufe ido da hannu ta bar tsakanin yatsu a buɗe. Kawu ya ce, "Wannan kuma wace irin sana'a ce?"

Maa ta matso da kujerarta har gwiwarta ta taɓa tebur. Ta ga na kai sama, ta ga na rubuta sunana ina dariya. Sannan ƙafata ta zame, aka ji tim, duwatsun jigida suka tarwatse, hoton ya karkace ya tsaya.



"Mayar baya," in ji Maa. "Wurin faɗuwar."

Na mayar. Ta sake kallo, bakinta yana motsi. Sai ta kamo wuyan hannuna ta riƙe gam, hawaye suna bin kumatunta.

"Faɗuwa ce," ta ce. "Mansa, da gaske faɗuwa ce."

Na durƙusa a gabanta ina kuka, ina cewa man ne, bayan gwiwa ne, ban wanke da kyau ba, maganganun da ba su da kai. Dattijo Quansah ya mayar da tabaransa, ya dogara sanda ya miƙe. Tsohon da ya ƙanƙance ɗazu ya dawo da tsawonsa har da ƙari.

"To. Mun gode wa Allah da ya tona. Kun kira ɗana mai dukan mata a gabana, saboda wannan? Wannan ce za ta zauna a kujerar gaba a cocina? Ato, ɗauko kayanmu."

Ato bai motsa ba. Dattijo ya miƙa hannu da kansa, amma hannun Maa ya riga shi sauka a kan kwalaben.

"Dattijo, ni na kira ku, ni na yi kuskure." Ta juya ga Ato, ta ɗora bayan hannunta na dama a tafin na hagu, ita da ta haifi sa'arsa. "Ɗana, na ɗora maka laifin wani mutum da ba ka ma taɓa gani ba. Ka yafe min." Sannan ta koma ga tsohon. "Amma kwalaben nan ban mayar ba. Mutum shida kuka turo suka kawo su. In karɓewa za ku yi, ku turo mutum shidan nan su zauna a falon nan, su faɗi dalili da bakinsu. Ba a ɗaukar su a hammata kamar kayan kasuwa."

"Madam, kin ga abin da na gani kuwa?"

"Na gani sau biyu. Wannan tsakanina da 'yata ne, kuma ba ta ji komai ba tukuna."

Kawu Kobina ya gyaɗa kai ya ce al'ada ke nan. Dattijo ya buga sanda a ƙasa ya fice ba sallama. Ato ya tashi, ya rusuna wa Maa da Kawu da Anti Mansa, ya bi bayan babansa. Ya wuce ta gabana har rigarsa ta shafi kafaɗata, bai kalle ni ba.

Maa ta goge kwalaben da gefen ɗankwalinta, ta mayar da su kabad, ta murɗa makulli, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ƙulle shi a bakin zaninta. Ta ce min in je in ɗauko mata duwatsun jigidar in na san inda suke, kuma kada in kuskura in yi mata magana yau.

Ina cikin ɗaki ina kwance hankicin, sai wayata ta yi ƙara. Ato ne.

*Ba ƙarfen ne ya dame ni ba.*

Na zauna a bakin gado. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

*Na ce e a gaban babana ina zaton wurin wani namiji kike zuwa. Kina kallona na faɗa. Kika bari har aka tambaye ni sau uku.*

Na rubuta *ka yi haƙuri*, na ga ta yi ƙanƙanta, na goge. Na rubuta *tsoro na ji*, ita ma na goge. Kafin in samo ta uku wani saƙon ya shigo.

*Asabar ƙarfe nawa ake farawa? Turo min kwatancen wurin.*

Na fi minti ashirin ina kallon layin nan. Ban san ko kallo zai zo ba, ko zuwa zai yi ya ga inda aka ci amanar sunansa kafin ya turo mutum shidan. Ato ba ya sa alamar dariya a saƙo, ba ya sa ta fushi. Daga falo Maa ta ƙwala min kira, duwatsun jigida suna zubewa daga cinyata suna gangarawa ƙarƙashin gado.

Na rubuta, *Ƙarfe goma. Osu, saman shagon tayil. Sunana yana silin.*

Na tura. Nan take alamar ta nuna ya karanta.